Yadda za ka yi binciken kimiyya a tsakar gida da randa biyu da yashi

Bara cikin bazara ƙanena ya zo ya zauna mini a zaure yana ta huci, wai an ce su kawo abin da za su yi memwar, wato rubutun binciken kammala karatu, a kai, shi kuma a ganinsa bincike sai mai farar riga da na'urar miliyoyi. Ina cikin sauraronsa Inna ta aiko mana da ruwan randa, sanyi ƙalau, alhali tun safe babu kuran. Na ce to kai ɗan lisans, gaya mini me ya sanyaya ruwan nan, kuma da digiri nawa ya fi iskar waje sanyi? Ta farko ya amsa rabi da rabi, ta biyu ya yi shiru yana kallon moɗa. Nan muka samo aikin da muka shafe makonni muna yi, shi ne zan faɗa muku yadda ake bi, don ɗan makarantar da ke neman abin yi, da mai sai da tumatir a kasuwar Dole da ya gaji da zubar da ruɓaɓɓe.

Abin da za ka gwada shi ne randa cikin randa, wadda wasu ke ce wa firigon talaka. Ƙaramar tukunya a cikin babba, tsakaninsu jiƙaƙƙen yashi, a sama a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yayata ta a shekarun 1990, har ya samu kyautar Rolex a 2000, kuma a lokacin an yi ta faɗin cewa gautar da ke lalacewa a kwana 3 tana kai kwana 27 a ciki. Ban ce ƙarya ba ne, amma Jigawa daban, randarsa daban, watan da ya auna daban. Aikinka shi ne ka gano taka randar, a naka gidan, nawa take bayarwa.

Sai ka fahimci dalilin sanyin kafin ka taɓa komai, in ba haka ba awon banza za ka yi. Ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya ci zafi, kuma cin nasa ba kaɗan ba ne: lita guda in ta bushe ƙarƙaf ta tafi da wajen kilojul 2400, ƙanƙara kuwa kilo guda in ta narke 334 kawai take sha. Wato litar nan da ta tsattsafo ta jikin randa iska ta kwashe, ta yi aikin ƙanƙara kilo 7. Shi ne dai gumin jikinka, randa ma gumi take yi. Amma abin yana da iyaka, iyakar kuma laimar da ke cikin iska ce. A watan Afrilu in zafi ya kai 40 iska kuma a bushe, laimarta kamar 15 cikin 100, mafi ƙasan da za ka iya sauka shi ne wajen digiri 21, ko randar aljanna ce ba za ta wuce nan ba. A Agusta kuwa, zafi 32 laima 70 cikin 100, iyakar wajen 27 ce, shi ya sa da damina ruwan randa ba ya daɗi kamar na bazara, ba Inna ce ta canza randa ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Ma'aunin zafi aƙalla biyu, uku ya fi, irin mai ɗan waya da ake zurawa ciki a karanta daga waje. Kar ka je farmasi ka sayo na zazzaɓi, wannan daga 32 zuwa 42 kawai ya sani, shi ne kuskuren farko da ƙanena ya yi. Sai sikeli irin na kicin mai nuna giram, da bokitin da ka san litarsa, da kaye, wato littafin rubutu, sabo ful wanda ba za a rubuta bashin shago a ciki ba, da bik. Kafin ka yarda da ma'aunan nan ka tuhume su: cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ka tsoma su duka, ya kamata kowanne ya ce 0. Wanda ya ce 1 ba sai ka jefar ba, ka ɗaura masa zare ka rubuta a shafin farko cewa mai jan zare yana ƙara 1, kullum ka cire. In ka gwada su a tafasasshen ruwa ka ga 98 da ɗan wani abu kar ka ce sun lalace, Damagaram tana sama da teku da mita 400 da wani abu, ruwa a nan ba ya jiran 100 yake tafasa.

Sai tukwane, kuma nan ne na fi son ka daɗe, don yumɓu ba ɗaya ba ne. Mun je Mirriya wurin wata dattijuwa mai ginin tukwane, na ce Inna randa muke so mai sanyi. Ta ɗauko ɗaya ta ƙwanƙwasa da yatsa ta yi ƙara tangararan, ta ce ɗana wannan ta sha wuta sosai, za ta daɗe amma ba ta gumi, ta ɗauko wata mai ɗan dusasshen sauti ta ce ga mai sanyin nan, sai dai ka yi haƙuri da shan ruwanta. Abin da ta faɗa da kunne shi ne abin da masu ilimin kayan ƙira ke aunawa a labo. Jikin tukunya cike yake da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani, in wutar gashi ta yi yawa yumɓun sai ya haɗe ƙofofin su tsuke, in kuma an cuɗa shi da ƙaiƙayi ko kashin jaki, wuta ta cinye su ta bar gurbinsu. Kai ma za ka iya sa wa wannan lamba: shanya tukunyar kwana biyu a rana, ka aza a sikeli ka rubuta, ka nutsa ta cikin ruwa kwana guda cur, ka ciro ka goge bayanta ka sake azawa. Bambancin ka raba da nauyinta na farko ka ninka 100. In randar ta fi ƙarfin sikelinka ka roƙi katangar wadda ta fashe daga gashi ɗaya, ita ma ta wadatar. Ta waje kake so mai shan ruwa, ta ciki kuwa gara wadda ba ta yoyo, kar ruwan yashi ya kwanta ƙarƙashin kayanka. Wanda ya shafa wa ta waje siminti ko fenti don ta yi kyau ya kashe ta.

Yashi ka samo mai tsakuwa-tsakuwa na gulbi, ka tankaɗe ka wanke, don laka tana toshe ƙofofin nan. Zuba a gindin babbar har bakin tukwanen biyu ya zo daidai, ka cika gefe, faɗin yatsu biyu zuwa uku, ka jiƙa shi har ya ƙoshi amma kar ƙaramar ta taso.

Yanzu ga abin da ya raba bincike da hira a majalisa: shaida. A aji temwan suke cewa, ma'anar dai ɗaya. Tumatir ɗin da ka sa a randa ya kwana 10, to sai me? Wa ya ce in ka bar shi a kwando ba zai kwana 9 ba? Dole ka ajiye ƴan uwansa a gefe, a kwando, a inuwa ɗaya, ba a yi musu komai ba, su ne shaidarka. Sayo kamar 40 daga hannun mutum ɗaya rana ɗaya, nunarsu kusan ɗaya, babu mai tabo. Ka sa musu lamba, sannan kar ka raba da hannunka, wallahi ko ba ka yi niyya ba hannunka zai kai masu kyau cikin randa don zuciyarka tana son randa ta ci. Rubuta lambobin a ƴan takardu ka zuba a hula ka ba yaro ya ciro 20. Likitoci ma haka suke yi in za su gwada sabon magani, ƙuri'a ke raba marasa lafiya, ba likita ba. Kwatancen nan tsoho ne, tun 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya raba matuƙa 12 masu ciwon dasashi biyu-biyu, kowane biyu da abin da ya ba su, waɗanda suka sha lemu su ne suka miƙe.

Kuma abu guda ake canzawa a lokaci guda. In kana son sanin randar Mirriya da ta wani wuri wacce ta fi, to yashi ɗaya, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, buhu iri ɗaya. Ka canza randa ka canza wuri, gobe ka ga bambanci, ba ka san wa za ka gode wa ba.

Awo sau huɗu a rana ya isa, ƙarfe 6 na safe, 12, 3 na yamma, 9 na dare, amma kullum lokacin nan, ba duk sanda ka ga damar tashi daga barci ba. Kowane zuwa lamba uku: zafin iska a inuwa, zafin cikin ƙaramar tukunya ba tare da ka buɗe ba, sai ta uku wadda mutane ke mantawa, ka naɗe kan ma'auni ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma ka yi ta fifita shi har lambar ta daina sauka, wannan ita ce iyakar da na faɗa ɗazu. Da ita za ka yi wa randarka hukunci na adalci. Misali waje 40, ciki 26, tsumma 21, randar ta sauko 14 cikin 19 da za ta iya, kusan 74 cikin 100 ke nan, kuma da wannan lissafin za ka iya kwatanta awon Afrilu da na Agusta. Ruwan da kake ƙarawa safe da yamma shi ma ka auna ka rubuta, a garin nan da bazara ai ka san yadda ga-ruwa ke ji da kansa, firigon da ke shan bido guda a mako sai a yi masa lissafi. Tumatir kuma kowace safiya ka aza a sikeli, ka ƙirga masu laushi da masu ruɓa, kuma tun ranar farko ka rubuta me kake kira ruɓa, kar a rana ta takwas ka fara yi wa na randa sassauci. Wanda ya ruɓe ka fitar da shi ka rubuta lambarsa. Albasa da tafarnuwa kar ka sa, su bushewa suke so.

Mu makon farko asara muka yi. Mun kai randar ɗakin ajiya muka rufe ƙofa don awaki, ciki da waje kusan ɗaya, ƙanena har ya fara cewa Bah Abba ya yaudari duniya. Ashe iskar ɗakin ce ta ƙoshi da laima ba mai kwashewa. Da muka fito da ita ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa, muka ɗora ta kan duwatsu uku don gindin ma ya sha iska, sai lambobi suka rabu. Ya so ya yage shafukan makon nan, na hana, don su ne suka nuna iska tana cikin lissafi. Haka ranar da wani yaro ya buɗe ya ɗauki biyu ya kai wa miya, an rubuta: lamba 7 da 31, miya.

In aikin ya yi maka daɗi, ma'aunan nan suna da wani aikin a gona. Kowane manomi a Magariya da Matamaye da Mirriya ya san gero ya fi kyau a gindin gawo, kuma itacen nan da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani shi ne ya fi yawa cikin abin da manoman yankin suka raya da sassabe na zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona, wanda wani bincike na 2006 ya ƙiyasta ya kai wajen hekta miliyan guda. Yawanci taki ake ba wa lada, ganye da kashin dabbobin da ke kwana a inuwa, amma masu bincike a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna sanyin ƙasa lokacin da gero ke tsiro shi ma yana da hannu. Tsoma ma'auni zurfin santimita 5 a gindin gawo, da taku 10, da taku 30, da azahar, a itace biyar ko shida ba ɗaya ba, ka samu rabin memwar.

Maganar magani kuwa a yi hattara. Na san gidajen da ke ajiye insulin na mai ciwon suga a gindin randa, kuma akwai dalili: a 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba sun fitar da binciken da ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37, irin wanda suka auna a sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Ɗakin kwano a Damagaram cikin Mayu yana wuce 37, don haka sanin cewa randarka ba ta kai nan ba abu ne mai amfani, kuma za ka iya aunawa da kwalbar ruwa zalla a madadin maganin. Iyakarka ke nan. Randa ba ta kai digiri 2 zuwa 8 da allurar rigakafi ke buƙata, ba za ta taɓa kaiwa ba, kuma gwaji a jikin mutum, ko kakarka ce ta yarda, ba aikin tsakar gida ba ne, sai da likita da izinin kwamitin da ke duba irin wannan.

Zagaye ɗaya ba ya isa, ka maimaita sau uku da sabon tumatir, kana musanya wa tukwanen wuri. Kowane dare ka ɗauki hoton shafin ranar da salula, kaye yana jiƙewa. Sannan ka ɗauki kayen yadda yake, da gogensa da tabon tumatir, ka kai wa malamin kimiyya a lise ko a jami'ar André Salifou ya duba lissafin kafin ka zuba a Excel. Namu na bazara yana nan, na damina ne ya tsaya a kwana 6, don Inna ta zo ta kwashe yashin ta ce randarta take so, baƙi za su zo suna.