Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen gane ƙwayoyin tsokar jijiyar jini

Ɗalibi ya zuba antibodi, wato rinin da ke manne wa wani furotin, a farantin renon ƙwayoyi, ya leƙa na'urar hangen ƙananan abubuwa, ya ga zare-zare sun haska ja, sai ya rubuta cewa ya samu ƙwayoyin tsokar bangon jijiya. Abin da ya gani α-SMA ne, furotin ɗin da ƙwayar gado mai suna ACTA2 ke samarwa. To amma kama da wane ba ta wane. Ƙwayar myofibroblast mai haɗe bakin rauni tana ɗauke da shi, haka ma zuciyar ɗan tayi a farkon halitta. SM22α, wani furotin na wannan tsoka, shi ma yana leƙawa wasu ƙwayoyin. Gyaran shi ne ka nemo shaidu da yawa daga wasu furotin ɗin: calponin, smoothelin, sannan MYH11, wanda ya fi su duka tsayawa ga wannan tsoka.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi kishiyar wancan ne, wato a ce tunda alamar ba ta fito ba, ƙwayar ba ta tsoka ba ce. Waɗannan ƙwayoyi hawainiya ne. A lafiyayyar jijiya aikinsu matsewa da saki, amma da zarar bango ya ji rauni sai su ajiye wannan aiki, su kama hayayyafa da ƙaura. A 2015 ayarin Gary Owens na Jami'ar Virginia sun yi wa ƙwayoyin ɓeraye lamba ta dindindin, suka bi sawunsu cikin kitsen da ke toshe jijiya. Fiye da kashi 80 cikin 100 sun daina nuna α-SMA, wasu ma har sun sa rigar macrophage, ƙwayar garkuwar jiki, kuma furotin ɗin KLF4 yana da hannu dumu-dumu a ciki. Wanda ya tsaya ga rini kaɗai, ƙidayarsa ta ɓaci tun daga tushe.

A jarrabawa kuwa, ana yawan ɗora wa SRF, furotin mai kunna ƙwayoyin gado, komai. Gaskiya ne yana zama a kan akwatin CArG, wani ɗan yanki na DNA a ƙwayoyin gadon waɗannan alamomi, sai dai SRF kusan ko'ina yana nan a jiki. Abokin tafiyarsa ne ke yanke hukunci. In ya haɗu da furotin ɗin myocardin, wanda aka gano a ɗakin binciken Eric Olson a Dallas a 2001, sai furotin na matsewa su tashi. In PDGF-BB, mai kawo saƙon hayayyafa, ya iso, furotin ɗin Elk-1 ya ture myocardin gefe, su kwanta. TGF-β, wani mai kawo saƙon, kuma akasari ɓangaren myocardin yake.

Sai farantin kansa. Ƙwayar da aka yi ta sauya wa faranti, tana iyo cikin ruwan jinin ɗan maraƙi kashi 10, ta riga ta fara sauya hali kafin ka taɓa ta. Rubuta sauyi na nawa take, ka rage mata ruwan jinin kafin gwaji. Ka kuma faɗi inda ka yanko ta, don tsokar lanƙwasar aorta, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, daga sashen ɗan tayi mai suna neural crest ta samo asali, ta ɓangaren mai gangarawa ƙasa kuwa daga wani sashen mai suna somite.

Mai aiki da sanannen ɓeran nan na Myh11-CreERT2, wanda ake yi wa ƙwayoyin tsokar lamba da shi, ya tuna lambar a kan kuromosom Y take zaune, don haka sakamakonsa na maza ne zalla.