Yadda Nake Tsara wa Abokan Aikina Abin da Za Mu Fara Yi

Ranar Litinin da safe, kafin kowa ya buɗe saƙonninsa, mukan rubuta duk ayyukan da ke gabanmu a allo ɗaya. Kowane aiki sai mun yi masa tambaya biyu. In muka bar shi har Juma'a, me zai lalace? In muka yi shi, wa zai amfana, kuma har zuwa yaushe? Ta farko tana auna gaggawa, ta biyu muhimmanci.

Ana danganta wannan rabon da Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961. A wani jawabinsa na 1954 ya kawo maganar wani tsohon shugaban jami'a, cewa matsalolinsa iri biyu ne: na gaggawa da masu muhimmanci, kuma ba su haɗuwa. A wurin aiki dai sukan haɗu. Rahoton da mai hulɗa da mu ke jira gobe, ko na'urar da ta tsaya cak, waɗannan yau za a yi su, kuma sunan mutum ɗaya nake rubutawa a gefe. Aikin da aka ce na kowa ne, ba mai ɗauka.

Inda na fi damuwa shi ne mai muhimmancin da ba ya ihu: koya wa sabuwar ma'aikaciya aiki, adana kwafin bayanan kwamfuta, sabunta lasisi tun kafin wa'adinsa ya cika. Ba wanda zai bugo waya a kansu, shi ya sa ake ta ɗage su har ranar da za su zama gobara. Ku ba kowannensu rana da awa a kalanda, ku kare lokacin kamar yadda za ku kare ganawa da shugaba. Ni safiyar Laraba na ware, kuma ba na yarda a sa taro a ciki.

Mai gaggawa marar muhimmanci, kamar cike fom da amsa wasu saƙonni, a miƙa wa wanda ke da sarari. Wanda ba ko ɗaya, a goge shi, a kuma sanar da wanda ya kawo shi cikin mutunci.

In wani ya zo tsakiyar mako yana cewa nasa na gaggawa ne, nakan nuna masa allon, in tambaye shi wanne za mu sauke don nasa ya shiga.