Yadda za ka gane hasken tocila da daɗewar batirinta daga wutar da take ja

Kwalin tocila a kasuwar Maradi yana iya cewa lumen (ma'aunin yawan haske) dubu goma, amma abin da ke faɗin gaskiya shi ne yawan wutar da ƙwan LED yake ja. Mitar da masu gyaran rediyo da salula ke aiki da ita ta isa a auna shi.

Ka cika batirin da caji tukuna. Kwance murfin gindin tocilar, ka juya mita zuwa DC 10A, ka mayar da jar waya ramin 10A. Ɗora tsinke ɗaya a gindin batiri, ɗayan a bakin bututun, inda ƙarfe yake fili babu fenti. Tocilar za ta kama, mita ta nuna amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja. Idan wayoyin mitar sirara ne, adadin zai fito ƙasa da na gaskiya, musamman daga amfiya 2 zuwa sama, domin su ma suna tare wutar. Da ka gama, ka cire jar wayar daga ramin nan. Wanda ya manta ya je auna bolt a haka ya haɗa batirin kai tsaye, fis ɗin mita ya ƙone.

Farin LED yana aiki a wajen bolt 3. Mu ce mita ta nuna 0.7, wato miliamfiya 700. Ninka da 3, ka sami wat 2.1. Ƙwan da ake sawa a tocilolin kasuwa yana ba da lumen 80 zuwa 100 a kowane wat, mai kyau kuwa ya haura 130. Da ɗari za ka sami lumen 210. Gilashi da kwanon da ke tura haske suna cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar, saura wajen 170. Wannan ya ishi mai gadi ya haska tsakar gida har bakin zaure.

Kada ka ɗauka ninka wuta ninka haske ne. Ƙwai yana rage ƙoƙari idan wuta ta ƙaru, sauran ta koma zafi, ido kuma sai an ninka lumen kusan sau huɗu yake ganin haske ya ninka sau biyu. Shi ya sa, a tocila mai matakan haske, matakin tsakiya ya fi riba nesa ba kusa ba. Ga ma'auni na riƙewa a ka: ƙaramin ƙwai mai milimita 5 yana ɗaukar miliamfiya 20 kawai, ƙwan wat ɗaya 350, ƙwai mai ƙarfi da ake kira Cree XM-L2 kuwa sai a amfiya 3 yake kai wajen lumen 1000.

Lissafin batiri ya fi sauƙi. Raba mAh ɗinsa, wato lambar da ke nuna yawan cajin da yake ɗauka, da miliamfiyar da ka auna. Batirin litiyam samfurin 18650 mai 2600 a kan 700 ya ba da awa 3.7, ka rage kashi 20 cikin ɗari, ka sa rai da awa uku. Matsalar tana ga lambar da ke jikin batirin. Na gaskiya da wuya ya wuce wajen 3500 mAh, nauyinsa kuma kusan giram 45 ne. Wanda aka rubuta wa 9900 kuma ba shi da nauyi a hannu, ka bar wa mai shi kayansa.

Akwai inda lissafin ke sauyawa. Tocila mai pil ɗaya na bolt 1.5 tana da da'irar da ke ɗaga wuta zuwa bolt 3, don haka abin da ka auna a gindi ya fi ninki biyu na abin da ke isa ƙwai. A nan sai ka ninka amfiya da bolt ɗin batirin, ka rage kashi 20, sannan ka lissafa lumen. Masu araha kuwa, waɗanda rezisto kaɗai ke tare wutarsu, haskensu yana dushewa tare da batiri. Za su daɗe fiye da lissafi, amma rabin lokacin haske ne na neman takalmi a ɗaki.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana rage hasken ƙwai yana kuma tsufar da batirin litiyam. Kada a bar tocila a rana ko cikin mota a rufe, kuma da batiri ya sauka bolt 3 a kai shi caji.