Kafin ku shafa fenti kan katakon da aka rina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar uwa a unguwar Aboabo ta Kumasi ta ce kafinta ya rina mata kabad ja, yanzu kuma fari take so. Hajiya, ki dakata tukuna, kar ki ɗauki burushi yau.

Rinin katako mai mai yana son kwana 2 zuwa 3 kafin ya bushe, kuma da damshin Kumasi a damina ni dai mako guda nake ba shi. Ki goga farin tsumma a jiki. In ya ɗauko launi, ko yatsa yana mannewa, da sauransa. Inda rinin ya taru ya yi danƙo, goge shi da tsumma mai ɗan tafantain, wato man da ake tsinka fentin mai da shi.

Ya bushe? Bi shi da sanfefa mai laushi, lamba 220, a hankali, ta inda zaren katakon ya nufa, sannan ki share ƙurar tas.

Wurin da mutane ke asarar kuɗi shi ne tsallake firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti don fentin ya kama. Fentin ruwa ba ya kama jikin mai, ɓarewa yake yi. Jan kuma yana ratsowa ta cikin farin, musamman a mahogani, har kabad ya koma ruwan hoda, ko kin yi shafi 4. Na gani da idona a kan gadon ɗiyata, ya ba ni takaici ƙwarai. Ki nemi firaima mai shalak (wani irin ƙaro, shellac da Turanci) ko mai mai, ki fara gwadawa a bayan kabad ɗin. Bayan nan fenti shafi 2 marasa kauri, tagogi a buɗe.