Yadda za ka gano matasan makaɗan Japan da ba sa cikin babbar kasuwa

Japan ce kasuwar kiɗa ta biyu mafi girma a duniya bayan Amurka, amma abin da ke isowa kunnen baƙo daga can galibi waƙoƙin manyan kamfanoni ne da waɗanda ake rakiyar finafinan zane da su. A ƙarƙashin wannan kasuwa akwai matasa masu ɗimbin yawa da ke naɗar kiɗansu a ɗakunan kwanansu, suna buga kaset kaɗan da kuɗin aljihunsu, suna kuma yin wasa a ƙananan zauruka na ƙarƙashin ƙasa a gaban mutanen da wani lokaci ba su cika benci biyu ba. Manhajojin sauraren kiɗa ba za su kai ka wurinsu ba, domin lissafinsu yana tura mutum ne ga abin da jama'a da yawa suka riga suka saurara, alhali kuwa waɗannan matasa ba su tara masu sauraro ba tukuna. Hanyar da ta fi inganci ita ce bin sawun mutane da wurare: zauren da aka yi wasa, ƙaramin kamfanin da ya fitar da faifai, da sunayen waɗanda suka hau dandali tare a dare guda.

Ka fara da riƙe wasu tsofaffin sunaye, domin su ne ƙofar shiga, ko da yake ba su kake nema ba. Masami Akita ya fara kiɗan ƙara zalla da sunan Merzbow a 1979, a shekarar da aka kafa ƙungiyar Hijokaidan a yankin Kansai, sannan Boredoms ta fito daga Osaka a 1986. Keiji Haino, wanda aka haifa a 1952, ya daɗe yana gwaji da jita da murya, kuma kamfanin PSF na Tokyo ya fitar da faifansa masu yawa. A ɗaya ɓangaren akwai masu kiɗan da ya kusa zama shiru, waɗanda suka riƙa taruwa a wani ɗan wuri mai suna Off Site a unguwar Yoyogi daga 2000 zuwa 2005. Wurin yana manne da gidajen jama'a, dole ta sa ake rage amo don kada a dami maƙwabta, kuma wannan takura ta taimaka wajen haifar da salon da ake kira onkyo. A cikinsu akwai Otomo Yoshihide da Sachiko M da Toshimaru Nakamura, wanda kayan kiɗansa na'urar haɗa sauti ce da ba a jona mata komai daga waje ba: yana mayar da wayar fita cikin ramin shiga, na'urar ta riƙa jin kanta tana kuka, shi kuma yana sarrafa kukan da yatsunsa. Amfanin sanin waɗannan mutane shi ne har yanzu da dama daga cikinsu suna wasa a ƙananan wurare, kuma sau da yawa wanda ke zaune kusa da su a dandali, ko wanda ya buɗe taron kafin su hau, matashi ne da ba a san shi ba. Wannan sunan na ƙasan takardar talla shi za ka rubuta.

Daga nan sai jadawalin zauruka, kuma a ganina nan ne ya kamata mai nema ya fi ba da lokacinsa. Japanawa suna kiran ƙaramin zauren kiɗa raibu hausu, kuma kusan kowannensu yana wallafa jadawalin wata guda a shafinsa, dare bayan dare, da sunayen duk waɗanda za su yi wasa. Al'adar ita ce ƙungiyoyi da yawa su raba dare ɗaya, kowacce ta yi kamar rabin sa'a ta sauka. Amma akwai abin da ya kamata ka fahimta kafin ka amince da kowane jadawali. Zauruka da yawa suna aiki da tsarin da ake kira noruma, inda ake ɗora wa ƙungiya sayar da wani adadin tikiti, idan ta kasa ta cika gibin daga aljihunta. Saboda haka hawa dandali a irin wannan wuri ba ya nuna cewa wani ya saurari kiɗan ya yaba, yana iya zama kuɗi kawai aka biya. Daren da ya fi daraja shi ne wanda wata ƙungiya ko wani ƙaramin kamfani ya shirya da kansa ya gayyato waɗanda yake so, kuma za ka gane shi da kalmar kikaku, wadda ake rubutawa 企画 kusa da sunan mai shiryawa. A irin wannan dare kowane suna zaɓi ne na wani mai kunne.

Wuraren da suka cancanci a bibiya ba su da wuyar samu. A Tokyo akwai Ftarri a Suidobashi, wanda shagon faifai ne kuma zauren wasa ne, an buɗe shi a 2012, kuma ya karkata ga kiɗan da ake ƙirƙira nan take ba tare da shiri ba. Matasa da dattawa suna zama wuri ɗaya a can, kuma yana fitar da faifai da sunansa. Akwai Soup a Ochiai ga masu son amo mai nauyi, da Forestlimit a Hatagaya ga masu kiɗan kwamfuta, da UFO Club a Higashi-Koenji, da Three da Shelter a Shimokitazawa ga ƙungiyoyin jita da ganga. A Osaka akwai Bears a unguwar Namba, wanda Seiichi Yamamoto, tsohon makaɗin Boredoms, ya daɗe yana jagoranta. A Kyoto akwai Urbanguild da Soto da Metro. Kada ka tsaya a Tokyo kaɗai, domin yankin Kansai yana da nasa hali mai tsauri da barkwanci, kuma daga can ne Otoboke Beaver ta fito a Kyoto a 2009, da ƙungiyar goat ta Koshiro Hino a Osaka, wadda ke toshe amon jita da sauran kayan kiɗanta har kowannensu ya koma kamar ganga.

Aikin da kansa mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri. Ka buɗe jadawalin wuri guda, ka bar manhajar fassara ta taimaka maka da ranaku da bayanai, amma sunayen makaɗa kada ka bari ta fassara su, domin za ta mayar da su kalmomi marasa amfani. Ka kwafi sunan yadda yake da haruffan Japananci ka liƙa shi a YouTube da Bandcamp da SoundCloud da X, ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan matasa ba su taɓa rubuta sunansu da haruffan boko ba, don haka wanda ya nema da boko ba zai ga komai ba, ya ɗauka babu su. Inda aka rubuta da boko ma, wani wuri sunan iyali ne a gaba, wani wuri a baya, sai ka gwada duka biyun. Abin da za ka fara samu sau da yawa bidiyo ne da wani ɗan kallo ya ɗauka da waya daga bayan zaure, hoton yana rawa, kawunan mutane sun tare rabin dandali, kuma waɗanda suka kalle shi ba su kai ɗari ba. Kada ƙarancin masu kallo ya sa ka wuce. Ka duba tashar wanda ya ɗora bidiyon, domin mutumin da ya je wannan dare galibi ya je wasu irinsa, kuma tasharsa na iya fin kowace mujalla amfani.

Wasu kalmomi kaɗan za su buɗe maka bincike idan ka kwafe su: 実験音楽 na nufin kiɗan gwaji, 即興 na nufin ƙirƙira nan take, 宅録 kiɗan da aka naɗa a gida, 自主制作 kuma abin da mutum ya fitar da kansa ba tare da kamfani ba. Haɗa ɗaya daga cikinsu da sunan gari yana rage tarkace sosai.

Bandcamp ya cancanci bayani na musamman, domin shi ne wurin da baƙo zai fi samun sauƙi. Ana iya sauraren yawancin faifai kyauta kafin a saya, kuma a ƙasan kowane faifai akwai alamomi irin su sunan gari da salon kiɗa, waɗanda dannawa ɗaya za ta kai ka ga sauran masu irin alamar. Abin da ya fi wannan amfani shi ne ƙananan hotunan waɗanda suka sayi faifan, da ke jere a ƙarƙashin bangonsa. Idan faifai yana da masu saye kaɗan, ka danna hoton kowannensu ka ga abin da ya tara, domin wanda ya kashe kuɗinsa a kan kaset na wani matashi daga Nagoya ba bisa kuskure ya faɗo can ba. Haka kuma ka bi ƙananan kamfanoni maimakon mutum ɗaya ɗaya. Birdfriend na Koshiro Hino yana fitar da kaset, EM Records na Osaka yana haɗa tsoho da sabo, Call and Response na unguwar Koenji ya daɗe yana tattara ƙungiyoyin jita daga garuruwan da ke nesa da Tokyo, Guruguru Brain kuwa mutanen ƙungiyar kiɗa ta Kikagaku Moyo ne suka kafa shi. Shagon Meditations na Kyoto yana rubuta ɗan bayani a kan kowane faifai da ya shigo, kuma karanta jerin sababbin kayansa darasi ne mai zaman kansa.

Akwai wani rukunin matasa da ba sa zuwa zaure kwata-kwata, a intanet suka tashi kuma a can suke zaune. Maltine Records, wanda wasu 'yan makarantar sakandare biyu suka kafa a 2005, ya riƙa sakin kiɗa kyauta, kuma ta nan ne tofubeats na Kobe ya yi suna kafin babban kamfani ya ɗauke shi. Tun da aka fitar da muryar kwamfuta ta Hatsune Miku a 2007, shafin bidiyo na Niconico ya zama makarantar masu tsara waƙa a ɗaki, kuma Kenshi Yonezu, wanda yanzu yana cikin manyan mawaƙan ƙasar, a can ya fara da sunan Hachi. Tun 2020 ana gudanar da bikin The VOCALOID Collection a shafin, kuma yana da jeri na musamman na sababbin shiga, wanda shi ne ya dace da mai neman matasa. Sannan akwai M3, kasuwar da ake ci sau biyu a shekara a Tokyo, a watan Afrilu da Oktoba, inda kowa ke zama bayan ɗan teburinsa yana sayar da faifan da ya haɗa da hannunsa. Kafin ranar kasuwar masu faifan sukan ɗora gajeren ɗanɗano da ya haɗa guntayen dukkan waƙoƙin, kuma neman M3 tare da haruffan XFD, alamar irin wannan ɗanɗano, a YouTube ko SoundCloud a waɗannan watanni zai kawo maka su da yawa. Gaskiya mafi yawansu kwaikwayon salon da aka saba ne, amma a tsakaninsu ake tsintar masu abin mamaki.

Ga mai son jagora, Dommune, wanda Naohiro Ukawa ya fara a 2010, yana watsa hira da wasa kai tsaye a intanet daga unguwar Shibuya ta Tokyo, kuma tunda agogon Japan yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a 8, shirin ƙarfe 7 na yamma a can yana kamawa ƙarfe 11 na safe a nan. Mujallar ele-king tana rubutu da Japananci, The Wire ta Landan kuma da Turanci. Bikin Fuji Rock yana da dandalin sababbin ƙungiyoyi mai suna Rookie A Go-Go, kuma jerin sunayensa na kowace shekara yana da amfani.

Wajen saurare, ina roƙon ka ba kowane abu lokacinsa. Kiɗan gwaji ba ya bayyana kansa a daƙiƙa talatin na farko, kuma lasifikar waya tana kashe rabinsa, don haka ka sa abin kunne. Misali, Yosuke Fujita, mai amfani da sunan FUJI|||||||||||TA, ya ƙera wa kansa kayan busa na bututu 11 a 2009, babu madannai a jikinsa, yana tura masa iska da hannu ta wata na'ura da ya kwaikwayo daga zugazugin maƙera. Wanda ya saurari minti ɗaya zai ji amo ɗaya ne kawai da ba ya motsi. Wanda ya zauna minti goma zai fara jin yadda amon ke kumbura yana sacewa daidai da ƙarfin hannun mai zuga, da yadda bututu biyu ke gogar juna har wani amo na uku ya taso tsakaninsu. Ba kowane abu ne zai yi maka daɗi ba, kuma ba laifi ka bar wanda bai kama ka ba, amma ka yanke hukunci bayan ka ji shi har ƙarshe.

Idan ka sami wanda ya burge ka, ka tallafa masa gwargwadon hali, domin galibinsu aikin yini suke yi su biya kuɗin ɗakin atisaye da na zaure. Faifai da yawa a Bandcamp mai saye ne ke yanka farashinsu, kuma a ranakun da ake kira Bandcamp Friday, waɗanda aka fara a Maris 2020, shafin yana yafe kasonsa. Katin naira ba kullum yake wucewa a sayayyar ƙasashen waje ba, saboda haka wanda bai sami hanyar biya ba yana iya bin makaɗin a shafinsa, ya yaɗa aikinsa, ko ya aika masa gajeren saƙo da Turanci mai sauƙi yana faɗin waƙar da ya ji da ƙasar da yake. Wanda Allah ya kai shi Japan kuwa, ya rubuta wa ƙungiyar tun kafin ranar wasa ta ajiye masa tikiti da sunansa, ya riƙe tsabar kuɗi, ya kuma san cewa ana biyan kuɗin abin sha ɗaya a ƙofa ban da na shiga, kuma ana iya karɓar lemo ko shayi da shi. Mai karɓar kuɗi zai tambaye shi wace ƙungiya ya zo gani, kuma amsar tana da muhimmanci, domin da ita ake lissafin rabon kowa a daren.

Abu na ƙarshe shi ne adana abin da ka samu. Waɗannan wurare suna rufewa, kamar yadda SuperDeluxe na Roppongi ya rufe a farkon 2019, ƙungiyoyi suna watsewa idan mambobinsu sun gama jami'a sun kama aiki, wasu kuma sukan goge shafinsu dare ɗaya ba sanarwa. Duk abin da ka saya ka sauke shi a na'urarka nan take, kuma ka ajiye takarda guda da kake rubuta sunan makaɗi da haruffansa na asali, da garinsa, da zauren da ka fara ganin sunansa, domin idan ya sake fitowa da sabon suna a wata ƙungiya, ta wannan zauren za ka fi saurin gano shi.