Idan za a cire maka saifa saboda ƙarancin filatilet

Saifa ba a mayar da ita. Duk wanda likitan jini ya kawo wa maganar cire ta saboda ciwon ITP, wato ciwon da ke rage ƙwayoyin jinin da ake kira filatilet, wannan nake so ya fara riƙewa, domin aikin kansa na sa'o'i kaɗan ne, amma zama babu ita na har abada ne. Ni an cire tawa, kuma ban yi nadama ba. Sai dai abin da na shirya kafin ranar ya fi taimakona a kan abin da aka yi a ɗakin tiyata.

Ga dalilin da ya sa ake taɓa ta. Filatilet su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji rauni. Ɓargo ne ke yin su, kuma mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a awon da ake yi. A ciwon ITP garkuwar jiki ce ke ɗaukar su a matsayin abokan gaba, ta sa musu alama, saifa kuma ta tace su ta hallaka su. Ɓargo na ta aiki, saifa na ta cinyewa. Nawa sun sha sauka ƙasa da 10,000. A lokacin in na goge baki sai buroshi ya fito jajur, ƙafafuwana kuma su cika da ɗigo-ɗigon ja ƙanana waɗanda ko an danna ba sa ɓacewa. Wasu haɓo ne ke damunsu, mata kuma jinin al'ada ya ƙi tsayawa. Dabarar cire saifar ba sabuwa ba ce. Tun 1916 aka fara yin ta a birnin Prague, bisa shawarar wani ɗalibin likitanci mai suna Paul Kaznelson.

Kada ka yi gaggawa. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar a jira aƙalla shekara guda daga gano ciwon kafin a cire, domin a wasu yakan lafa da kansa. Tambayi likitanka kai tsaye: an gwada HIV, da ciwon hanta nau'in C, da ƙwayar H. pylori ta ciki? Kowanne yana iya saukar da filatilet, kuma maganinsa daban ne. Sannan bayan maganin prednisolone akwai wasu magungunan ITP, irin su rituximab, da eltrombopag, da romiplostim. Wanne ya dace da kai, wanne za ka iya samu ka ɗore a kai? Game da aikin, kusan mutum biyu cikin uku ne ke samun sauƙi mai ɗorewa. Na ukun an cire masa saifa, ciwon kuma yana nan ko ya dawo. Ka ji wannan da kunnenka tun kafin ka sa hannu a takarda.

In shawara ta tsaya, sai rigakafi, kuma a nan ne nake ganin ana sakaci. Saifa ce ke kama wasu ƙwayoyin cuta masu ɓawo a jikinsu da ke shiga jini, irin masu kawo nimoniya da sanƙarau. Ana yin allura uku, ta pneumococcus, ta meningococcus da ta Hib, aƙalla mako biyu kafin aikin, lokacin da saifar take nan tana taya jiki gina kariya. Idan an yi maka rituximab cikin wata shida da suka wuce ka faɗa, saboda yana rage ƙarfin rigakafin. Ka karɓi takardar da aka rubuta sunan kowace allura da ranarta, ka adana. Wasu daga ciki ana maimaita su bayan 'yan shekaru, kuma ba lallai wani ya tuna maka ba.

Ana dab da aikin za a nemi ɗaga filatilet ɗinka, yawanci zuwa sama da 50,000, da prednisolone ko da ƙarin ruwan IVIG, wato sinadaran garkuwar jiki da ake sa wa ta jijiya. Ka guji aspirin da ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Idan ka daɗe a kan prednisolone kada ka yanke shi da kanka, kuma ka gaya wa likitan da zai sa ka barci, domin jikinka zai iya buƙatar ƙari a ranar. Za a hana ka abinci na kimanin sa'a shida.

Galibi yanzu da na'urar kyamara ake yi, ta ƙananan huji uku ko huɗu a ciki, a sa saifar cikin 'yar jaka a fitar da ita. Idan jini ya ɓalle ko an ga wata matsala, za a iya komawa ga buɗe ciki, don haka ka tafi da sanin hakan. Ka kuma tambayi likitan tiyata ko zai duba 'yar ƙaramar saifa ta ƙari, wadda kimanin mutum ɗaya cikin goma ke da ita. In aka bar ta, tana iya ci gaba da aikin uwarta.

Da na farfaɗo, ba cikin ne ya fi damuna ba, kafaɗar hagu ce. Iskar da ake hura wa ciki don a ga wuri ita ke kawo wannan ciwon, kuma yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Tari na da zafi, amma dole ne a yi shi don huhu ya buɗe. Rungumi matashi a gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, ka danna, sannan ka ja numfashi ka yi tarin. Ka tashi ka taka tun ranar farko ko washegari, ko da daga gado zuwa ƙofa ne. Wanda aka yi wa aikin da kyamara akan sallame shi cikin kwana biyu ko uku, wanda aka buɗe wa ciki yakan kai mako guda, kuma sai ya yi mako huɗu zuwa shida kafin ya ɗauki kaya mai nauyi.

Filatilet kan fara hawa cikin kwanaki, wani lokaci har su zarce iyaka na ɗan lokaci. Mutumin da ya saba tsoron zubar jini yanzu sai ya lura da akasin haka, wato gudajin jini. Ciwon ciki mai tsanani da bai lafa ba, kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama, duk na komawa asibiti ne nan take.

Daga nan zazzaɓi ya tashi daga ƙaramin abu a wurinka. Zafin jiki ya kai digiri 38, ko ka ji rawar ɗari, to ba a jiran gari ya waye. A jikin da babu saifa cuta na iya mamaye jini cikin sa'o'i. Wasu likitoci kan ɗora mutum a kan penicillin kullum, musamman a shekarun farko, wasu kuma su ba da maganin ajiyewa a gida, a sha da zarar zazzaɓi ya taso a kan hanyar asibiti. Ka san wanne ne naka, ka riƙa duba ranar lalacewar maganin. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani ga marar saifa, saboda haka gidan sauro da gwaji da wuri ba zaɓi ba ne. Cizon kare, ko ƙarami ne, sai an ga likita a ranar, haka ma in kaska ta cije ka. Allurar rigakafin mura kuma duk shekara.

Ina yawo da ɗan kati a aljihu mai cewa ba ni da saifa, kuma na sa na kusa da ni sun san abin da za su faɗa in an kai ni asibiti ban iya magana. Duk likitan da na zauna a gabansa, har na haƙori, da wannan nake fara yi masa bayani kafin ya tambaye ni abin da ya kawo ni.