Yadda Za Ka Koyar da Yadda Orka Ke Farauta ta Hanyar Bidiyo

Malamin ilimin halittu a birnin Kano, wanda yawancin ɗalibansa ba su san kifin da ya wuce tarwaɗa da karfasar dam ɗin Tiga ba, zai amfana ƙwarai da bidiyon orka, wata babbar dabbar teku, tana farautar shak, wani babban kifin teku, muddin ya san inda zai dakatar da hoton ya yi bayani.

Kafin ka kunna, ka fara gyara kuskuren da kowa ke yi: orka ba kifi ba ce. Dabba ce mai huhu da ke shayar da 'ya'yanta nono, kuma ita ce mafi girma a dangin dolfin, wasu dabbobin teku masu siffar kifi. Daga nan ka nemi hotunan da aka ɗauka a mashigin tekun Kalifoniya na ƙasar Meziko, inda masana suka shaida sau 4, tsakanin 2018 da 2024, garken orka yana kashe shak mai ɗigo-ɗigo, jinsin da ya fi kowane kifi girma a duniya.

Wurin da ya fi cancantar tsayawa shi ne lokacin kifewa. Orkokin sukan yi ta bangazar shak har su juya shi rigingine, shi kuwa da zarar cikinsa ya kalli sama sai jikinsa ya sandare, ya kasa gudu ko tserewa zuwa ƙasan ruwa. Ka mayar da wannan gaɓar baya sau biyu ko uku, ka sa ɗalibai su ƙirga orkokin da ke aikin, domin a ganina darasin duka yana cikin wannan haɗin kai, wanda ƙanana ke koya daga iyayensu mata. Bayan haka sai ka nuna musu inda ake cizo, wato ƙasan ciki, ka tambaye su dalili kafin ka faɗa: hanta ake nema, saboda hantar shak babba ce cike da mai, kuma ita ke taimaka masa ya yi iyo ba tare da ya nutse ba.

Idan bidiyon na kifayen nan ne masu faɗi kamar faifai, dangin kunamar ruwa, ka ja hankalinsu ga yadda orka ke makar garken kifayen da jelarta ta sumar da wasu. A ƙarshe ka ba kowane ɗalibi takarda ya zana matakan farautar bi da bi, ba tare da ya sake duba bidiyon ba.